Gwiwar Baba Uzairu a Kwamfutar Labaran

Ƙanena Labaran ba boka ba ne, ba kuma ɗan tsibbu ba ne. Na faɗa a ƙofar gidan mai unguwa, na faɗa a gidan suna, na faɗa a motar Kwanar Ɗangora har direba ya juyo ya ce, "Hajiya, don Allah ki bari mu isa lafiya." Tunda faɗa da baki bai yi ba, zan rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ba wani abu nake nema ba illa mutum ya zauna a garin da aka binne uwarsa da ubansa, ya buɗe shagonsa da safe ba tare da ana janye yara daga hanyarsa ba. Wannan ɗan abin shi ne mutanen Kiru suka ga ya yi wa Labaran yawa.

Mu asalinmu mutanen Tiga ne. Ƙauyen iyayenmu yana ƙarƙashin ruwa. Ni a goye aka fito da ni, ban san shi ba sai a bakin manya. Gidaje kaɗan ne suka yo nan Kiru, sauran suka bazu Bebeji da Tudun Wada. Cikin waɗanda suka taho tare da mahaifinmu akwai amininsa, Baba Uzairu mai lambun albasa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Shi ya yi wa Labaran huɗuba ranar da aka haife shi, domin Babanmu yana can bakin ruwa wajen kamun kifi. Na faɗi wannan ne saboda daga baya an samu masu cewa wai Labaran ya daɗe yana ƙullace da tsohon. Ƙarya suke yi.

Labaran shi ne autanmu, kusan ni na raine shi. Yaro ne marar surutu, amma hannunsa ba ya zama. Rediyon Babanmu ya kwance ta ya sha duka, ya sake kwance ta ya mayar, ta kama tashar da ba ta taɓa kamawa ba. Da ya gama sakandare ba a samu halin ci gaba ba, sai aka kai shi Kano koyon gyaran waya. Ya dawo ya kama shago kusa da tasha, ya sa sola a rufi, yana gyara, yana cajin waya, yana turi. Turi shi ne ka kawo wayarka ya zuba maka fina-finai da waƙoƙi da wa'azi daga kwamfutarsa. Ya auri Salamatu daga Ba'awa, Allah ya ba su 'ya'ya. Bai taɓa zuwa gaban alƙali ba ko da shaida. Ni kuma ina sayar da zoɓo da kunun aya, a firinjin shagonsa nake sanyayawa, shi ya sa kullum ina wurin, shi ya sa kuma duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Abin ya faro ne daga katun ɗin da yake tura wa yara. Wata rana yana kallon ɗaya ya ce mini, "Yaya, kin taɓa ganin ɗan katun da ya iya tsugunawa ya gaida babba?"

Na ce, "Kai da ka iya, sau nawa kake tsuguna mini?"

Ya yi dariya, ya ce shi dai zai koyi yin namu. Wanda zai yi tafiya irin tamu, ya zauna irin zamanmu. Ya samo darussa a intanet, wani malami da ba a ganin fuskarsa, sai muryarsa da hannunsa. Labaran zai saurara, ya tsayar, ya mayar baya, ya gwada. Mutum mai 'ya'ya uku ya koma ɗan aji ɗaya, yana sosa ƙeya tsakanin mai karɓar caji da mai kawo gyara.

Da Turanci wai rigin suke ce wa aikin. Ni abin da na gani shi ne sa wa ɗan tsana ƙashi. Da fari za ka ga ɗan mutum a tsaye, toka-toka, ya shanya hannuwa kamar mutum-mutumin gona. Ba ya motsi, domin ba kome a cikinsa. Labaran bai yi masa fuska ba. Ya tambayi wani malamin addini, aka ce masa in ya bar fuskar zai fi masa kwanciyar hankali, sai ya bar kan sumul kamar ƙwarya. Ban so kallon kan nan ba tun ranar farko. Da ma ya yi masa ido da na fi samun natsuwa.

Darasin farko jera ƙashi ne. Daga ƙugu ake farawa. Ya ce mini ƙashin ƙugu shi ne uwa, kowane ƙashi yana da wanda yake bi: cinya tana bin ƙugu, ƙwauri yana bin cinya, tafin ƙafa yana bin ƙwauri. In ka ja uwar duk su biyo ta. In ka yi kuskuren haɗi, sai ka ɗaga hannu ka ga kai ya tafi tare da shi. Na ga ya yi haka, kan ya fice daga wuya ya tsaya a iska. Na ce a'uzubillahi. Ya ce, "Yaya, zane ne fa."

Darasi na gaba ɗaura fata a kan ƙashin. Nan ne ya fi shan wuya. Wai sai ka shafa launi a jikin, ja da shuɗi, ka nuna wa kowane ƙashi iya naman da zai ja. In shafin bai yi daidai ba, ka lanƙwasa gwiwar hannu sai haƙarƙari ya biyo ta, ko kafaɗa ta murɗe kamar an matse wanki. Bayan wannan ya yi wa ɗan tsanan zobba, ɗaya a ƙugu, ɗaya a kowane wuyan hannu, ɗaya a kowace ƙafa. Su ake kamawa a motsa shi. Ranar da ya kama zoben ƙugu ya ja ƙasa, abin ya tsuguna kamar mai gaisuwa, Labaran ya miƙe ya fita waje ya dawo, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ba kowa caji kyauta a ranar.

Sai aka zo darasin tafiya. Malamin intanet ɗin ya ce kada mutum ya ƙirƙiro tafiya daga kansa, ya ɗauki bidiyon wani yana tafiya ya kwaikwaya. To wa ke wucewa ta ƙofar shagon kullum da hantsi in ba Baba Uzairu ba? Kuma duk Kiru ba mai tafiya irin tasa. Yana ɗan jefa ƙafar hagu gefe kafin ya dire ta, kafaɗar dama a sama saboda shekarun ɗaukar fartanya, kai a sunkuye kamar mai neman allura.

Labaran ya fito ya durƙusa. "Baba, barka da hantsi. Ina so in ɗauki hoton tafiyarka."

"Tafiyata? Me ta yi maka?"

"Koyo nake yi, Baba. Zan koya wa ɗan katun."

"Duk samarin garin nan masu taku kamar zakaru ba ka gani ba, sai gurgun tsoho? Ko ƙanwar taka za ka ba ni, kake duba lafiyata?"

Na leƙo na ce, "Ba shi da ƙanwa, Baba, sai yaya, kuma ta fi ƙarfinka."

"Ke tafi can, uwar faɗa. Ɗauka, ɗan nan. In je in dawo?"

Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, har da gyara hula. Mai shayin da ke gefe yana gani, 'yan acaɓa suna gani suna tafi. Yau ka tambaye su, ba wanda ya tuna.

Labaran ya zauna ya bi bidiyon nan taku bayan taku. Ya sa ƙugun ya karkata, ya ɗaga kafaɗar dama, ya sunkuyar da kan. Abin mamaki, ɗan tsanan da ba shi da ido ba shi da hanci ya zama Baba Uzairu sak. Mu nan ba da fuska muke gane mutum ba. Tun yana can ƙarshen gona, ɗan ɗigo a cikin dawa, za a ce ga wane nan tafe. Da tafiya muke ganewa. Malamin da ya ce a bar fuska bai yi tunanin wannan ba, Labaran ma bai yi ba.

Matsala ɗaya ta ƙi ci masa, gwiwar hagu. Ɗan tsanan zai yi taku yana tafiya lafiya, da ya zo jefa ƙafar nan gefe sai gwiwar ta ƙalle ta koma baya kamar ta kaza, cinyar ta murɗe, jikin ya karye ta gefen hagu ya zube. Sai bidiyon ya koma farko, ya tashi, ya yi tafiya, ya sake zubewa. Haka yake ta yi ba tsayawa. Labaran ya fitar da ɗan guntun bidiyon don ya aika wa abokan koyonsa na intanet su gaya masa inda ya ɓata.

Ga inda kuskuren yake, kuma kuskure ne na mai turi. Yana da folda guda da yake zuba duk sabon abin da ya shigo a mako. Wanda ya ce "zuba min sababbi", ba zaɓe ake yi ba, foldar ake kwashewa gaba ɗaya a juye masa. Guntun bidiyon nan a cikinta ya faɗa. Ranar kasuwa ce kuma. Kafin Labaran ya lura, abin ya shiga wayar rabin gari, ya tafi Ba'awa, ya tafi ƙauyuka a aljihun masu kayan miya.

Da fari dariya aka yi. A majalisa ana miƙa wa juna waya, ana cewa, "Kai, wallahi Baba Uzairu ne!" Shi kansa tsohon an nuna masa. Ya zo shagon yana dogara fartanya ya ce, "Ja'iri, haka ka karya ni?" Ya ɗaga hannu kamar zai kai masa duka, yana dariya har da tari. Labaran ya ba shi haƙuri, ni na ba shi zoɓo mai sanyi. Ya sha ya tafi.

Ba a rufa mako biyu ba aka tsince shi a lambu, kwance a cikin kwamin albasa, ruwa yana bi ta ƙarƙashinsa. Ɓarin hagu ya shanye. Ƙafa ba ta motsi, hannu ba ya motsi, baki ya karkace, magana ta tafi.

Kowa a unguwar ya san Baba Uzairu yana da hawan jini. Kowa ya san ya daina shan magani tun azumi, ya ce yana sa shi yawan fitsari. Ni da kaina na yi masa faɗa a kai. Amma a ranar ba wanda ya ambaci hawan jini. Ina cikin gidan ana shafa masa man zafi, na ji wata daga bayan ɗaki ta ce, ƙasa-ƙasa, "Hagu ce fa." Wata ta ce, "Hagun ce." Shi ke nan. Na gane bidiyon suke nufi.

Washegari ba wanda ya kawo caji. 'Yan acaɓan da ke fakewa a inuwar shagon suka koma tsallaken titi. Mai shayi ya ja teburinsa gaba. Bidiyon da aka yi wa dariya aka koma kallonsa a ɓoye, ana tofa addu'a. Maganar tsohon ma aka juya ta. Wai an ji shi da kunne ya ce, "Haka ka karya ni?" Dariyar da tarin da zoɓon duk an zubar, an bar kalmomin tsirara. Shi kuma mai maganar yana kwance, ba bakin da zai ce wasa yake yi.

Babban ɗan Baba Uzairu, Muzammil, tare suka yi firamare da Labaran, tare aka yi musu kaciya. Shi ya kai ƙara wurin mai unguwa. Aka taru bayan la'asar a ƙofar gida, aka ce Labaran ya zo da kwamfutar. Ba a kira mata ba. Na je na tsaya a bakin zaure, wanda zai kore ni ya zo ya gwada.

Mai unguwa ya ce a kunna. Labaran ya buɗe, ɗan tsanan ya fito da kansa sumul, ya yi tafiya, ya zube. Mutanen da ke gaba suka ja da baya.

"Ranka ya daɗe, zane ne," in ji Labaran. "Kuskuren koyo ne. Akwai wata 'yar alama da ke nuna wa gwiwa inda za ta fuskanta, ita ce ban iya sa wa ba."

"To me ya sa hagu?" in ji Muzammil.

"Ita yake jefawa, ita ta fi wuyar kwaikwaya."

"Me ya sa ba fuska? In abin arziki ne me ake ɓoyewa?"

Na ce daga inda nake, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi yaushe rabon ubansa da maganin hawan jini."

"Yaya Zubaida, ba da ke nake ba."

"Ni da kai nake. Mutum yana kwance tun shekaranjiya kuna shafa masa mai, ga mota a tasha. Ku kai shi asibiti!"

Mai unguwa ya ɗaga mini hannu. Wani dattijo daga gefe ya ce shi a ganinsa a goge abin kawai, ko a fasa na'urar a ƙona, kowa ya huta. Har an fara cewa haka ne, sai Muzammil ya miƙe tsaye.

"Kada wanda ya taɓa! In aka goge, Baba ya cika fa? Wa zai ɗauki alhakin?"

Na dubi fuskokin nan, mutanen da suke sahun gaba a masallaci, waɗanda in ka tambaye su za su ce maka cuta da sauƙi na Allah ne. Duk suka sunkuyar da kai. Shi kansa mai unguwa ƙasa yake kallo.

Muzammil ya juya wurin Labaran, muryarsa ta sauka. "Ni ban ce ka yi da gangan ba. Don Allah, don zumuncin iyayenmu, ka gyara masa ƙafar. Ka miƙar da ita. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Na ga Labaran yana kallonsa. Na san kallon nan tun yana yaro, na kuma san wani abu yake sakawa. Na ce, "Labaran, kada ka amsa. Ka ce ba ka da abin gyarawa." Bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Zan gyara. Amma ba zan taɓa ba sai na ga an sa Baba a mota an nufi asibitin Kano. In motar ta tashi, in zauna a kai."

Cikin abin da bai kai awa ba aka samo mota, aka shimfiɗa katifa. Mutanen da suka kwana biyu suna cewa asibiti ba ta maganin irin wannan, su ne masu riƙe ƙofa.

A hanyar gida na tare shi. Na ce, "Ka san abin da ka yi? Ka yi ciniki da su. Wanda ba shi da iko a kan abu ba ya gindaya sharaɗi. Yanzu ka sa hannu da kanka cewa ƙafar tsohon nan tana cikin na'urarka."

Ya ce, "Na sani, Yaya. To in bar shi ya mutu a ɗaki ana shafa masa mai?"

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Garin da mutum sai ya karɓi sunan maye kafin a kai maƙwabcinsa asibiti.

Gyaran kuwa ba wani abu ba ne. Abokan koyonsa sun riga sun ba shi amsa. 'Yar alamar nan da ya faɗa, ya ajiye ta ne dab da gwiwar, shi ya sa in ƙafar ta fita gefe sai alamar ta koma bayanta, gwiwar ta bi ta. Ya kamo ta ya jawo ta gaba sosai. Shi ke nan. Ɗan tsanan ya jefa ƙafa, ya dire, ya wuce. Ya yi ta tafiya ba faɗuwa. Darasin da ya yi makonni yana nema ya samu, amma ko murmushi bai yi ba. Ya tura wa Muzammil sabon bidiyon, ya rufe kwamfutar.

A asibiti aka sauko da jinin, aka sa masu gashin ƙashi suna motsa masa gaɓoɓi. Bayan 'yan kwanaki babban ɗan yatsan ƙafarsa ya motsa. Kafin wata ya ƙare yana tsayawa da sanda. Likita ya ce da an kawo shi tun ranar farko da ya fi haka. Wannan maganar ba ta iso Kiru ba, a mota ta tsaya. Abin da ya iso shi ne: an gyara a kwamfuta, ƙafa ta tashi.

Na ɗauka in tsohon ya samu sauƙi za a bar Labaran ya sha iska. Ashe lokacin ne abin zai fara.

Mutane suka daina ba shi waya, domin akwai hotunansu a ciki. Masu gyara suka koma kai wa wani a Kwanar Ɗangora. Abin da ya fi ba ni haushi, har ya so ba ni dariya, shi ne yadda magidanta suka koma sauya tafiya in sun zo wucewa ta gaban shagon. Mai sauri ya rage, mai jan ƙafa ya ɗaga, wani ya bi ta bayan tasha ya zagaye. Manya da gemu suna ɓoye takunsu kada a sace. 'Yar Labaran ta dawo daga islamiyya tana kuka, an ce kada kowa ya yi 'yar tsere da ita. Salamatu ta je gidan biki aka ba ta tabarma ita kaɗai.

Sannan masu zuwa ta bayan shago. Wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta zo da bidiyon ɗanta da shan inna ta taɓa, ta durƙusa tana roƙo a miƙar masa da ƙafa. Labaran ya yi mata bayani har ya gaji, ta tafi tana cewa don ita talaka ce. Ya shiga bayan kanta ya zauna, ranar bai ci abinci ba. Bayanta wani ya zo, mutumin da na sani, na san matarsa, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa. Ya jira na fita da kular zoɓo, bai san ina jikin taga ba. Ya ciro waya ya nuna bidiyon wani yana tafiya a kan iyakar gona, an ɗauka daga bayan bishiya.

"Ba kashewa nake so ba," in ji shi. "Ya dai kwanta zuwa bayan shuka."

Na shigo na ce masa ya fita kafin in tara masa jama'a. Ya fita yana gyara babbar riga, ya ce, "Ai dai an san abin da ake yi a nan."

A makon Labaran ya kwance solarsa. Wani ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya ba shi rabin shago. Ranar da za su tashi Baba Uzairu yana zaune a ƙofar gida a kan kujera. Labaran ya je ya durƙusa. Tsohon ya kama wuyan hannunsa da hannun dama ya riƙe, bakinsa yana motsi, yana son ya faɗi wani abu, sai iska da yawu. Hawaye yana bin gefen da ya karkace. Ni na san abin da yake son faɗa. Masu kallo suka ce wai roƙonsa yake kada ya sake karya shi.

Muzammil ya biyo motar kayan har tasha. Bai hana tafiyar ba, amma ya kafa sharuɗɗa a gaban shaidu. Kada a goge. Kada a sayar da kwamfutar. Kada a taɓa ko zobe ɗaya a jikin abin. Labaran ya ce to bari ya kwafe shi a wani wuri don tsaro. Muzammil ya ce a'a, kada a yi wa babansa na biyu, wa ya san wanne zai bi.

Yanzu Labaran yana Tudun Wada yana gyaran waya. Ya bar turi. Darussan ya tsaya a na tafiya. Na gaba wai na motsa yatsun hannu ne, bai buɗe shi ba. Duk Juma'a bayan masallaci Muzammil yana kiransa a bidiyo, ba gaisuwar kirki, sai dai, "Nuna min." Labaran ya buɗe kwamfutar, ya juya wayar, ɗan tsanan ya jefa ƙafa ya dire. Muzammil ya ce, "To, madalla," ya kashe.

Na je duba su watan jiya. Kwamfutar tana cikin akwati a naɗe da zanen Salamatu, ba a barin yara kusa. Ta tsufa. Batirin ya kumbura har ya ɗaga madannan, in an kunna fankar cikinta tana ƙara kamar injin markaɗe, wani baƙin layi ya fara cin allon daga gefe. Ranar sai da ya danna sau uku kafin ta kama. Da allon ya haska, na ji ya ce alhamdulillahi ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Kai ma ka fara yarda ke nan?"

Ya ce, "Ban yarda ba, Yaya. Amma Baba ya haura tamanin, ita kuma kin ga halin da take ciki. Ɗaya zai riga ɗaya. In ita ta riga, za su ce na kashe shi. In shi ya riga, za su ce me na taɓa."

Salamatu tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ce, "Yaya, yau wace rana ce?"

Na ce Laraba.

Ta ce, "Saura jibi," ta ci gaba da shara.